Zauren Maigida: Mai Sayen Inji Marar Igiya, Batir Yake Saye

 

Tun da injinan aikin hannu masu amfani da batir suka yawaita a kasuwanninmu, daga Katako ta birnin Yamai har rumfunan masu sayar da kayan gini na Maraɗi da Damagaram, tambayar da magidanta suka fi yi mana ita ce wane suna ya fi nagarta, wane launi ya fi ƙarko. A ganinmu tambayar ta kauce wa inda kuɗin suke tafiya. Shi injin huda bango, in an kula da shi, yana iya shekaru masu yawa yana aiki. Batirin da ake maƙala masa shi ne mai tsada da saurin tsufa, shi ne aka fi yin jabunsa, kuma shi ne yake iya tayar da gobara a cikin gida. Saboda haka daga batir ya kamata ciniki ya fara.

Abin ba sabo ba ne. Kamfanin Black & Decker na Amurka ya fitar da injin huda marar igiya na farko a shekarar 1961, kuma da hannunsa aka ƙera wanda ƴan sama jannatin Apollo 15 suka haƙa ƙasar duniyar wata da shi a 1971. Sai dai baturan wancan zamani, na nikel da kadmiyom, nauyi gare su kuma ba sa riƙe wuta da yawa. Al'amarin ya sauya ne bayan kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da batirin litiyom a 1991. A 2003 Bosch na Jamus ya sa irinsa a wani ɗan injin ɗaure ƙusa mai murɗi da ya kira IXO, a 2005 kuma Makita da Milwaukee suka fito da manyan injina masu irin wannan batir. Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbin injina masu batirin kadmiyom kasuwanninta daga ƙarshen 2016. Ga inda wannan tarihi ya shafe mu: tsofaffin da Turawa suka ajiye suna cikin kayan gwanjon da ke biyo hanyar Kwatano da Lome. Idan kuka ga an rubuta Ni-Cd a jikin batir, ku sani tsohon yayi ne, samun sabon batirinsa wahala ce, kuma kadmiyom ɗin da ke ciki guba ne. Wanda aka rubuta wa Li-ion shi ne na yanzu.

Amfanin waɗannan injina a wurinmu a bayyane yake. Kowa yana tune da watannin da suka biyo bayan Agustan 2023, lokacin da wutar da ke zuwa Nijar daga Nijeriya ta yanke har zuwa farkon 2024. Kafinta ko mai walda da ke da batir cikakke ya ci gaba da ƙaramin aikinsa, mai jiran kuran kuwa ya zauna. A gona da garka da sabon fili a bayan gari ma, inda babu turakun wuta, batir ne kaɗai mafita.

To, yanzu mu zo kan lambobin da ake rubutawa a jikinsa, domin nan ne ake yaudarar mai saye. Idan aka buɗe batirin inji, abin da ke ciki ƴan ƙananan batura ne masu siffar gwangwani, mafi yawansu kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65, shi ya sa ake ce musu 18650. Kowane ɗaya ƙarfinsa bolt 3.6 ne, wato abin da ake nunawa da harafin V. Idan aka jera uku sai a sami 10.8, wanda a kasuwa ake kira 12V. Idan aka jera biyar sai a sami 18V. Da zarar an sauke shi daga caja, kafin ya fara aiki, awon yakan haura zuwa 20 ko 21, shi ya sa wasu kamfanoni suke rubuta 20V, wasu ma 21V, alhali duk abu ɗaya ne. Kamfanin DeWalt yana sayar da jerin injinansa a Amurka da lambar 20V, a Turai kuma da lambar 18V. Kada mai shago ya ƙara muku ko dala a kan cewa ashirin ta fi sha takwas. Su kuwa masu araha da ake rubuta wa 48V ko 88V ko 128V da manyan haruffa, alhali batirin bai fi tafin hannu ba, in an buɗe galibi ƴan biyar ɗin nan ne a ciki. Wanda ya yi ƙarya a fuskar kwali ba za mu amince masa a kan abin da ya ɓoye a ciki ba.

Lamba ta biyu ita ce ta Ah, kuma ita take nuna yawan wutar da batir yake ɗauka, kamar girman tulu. Idan aka ninka V da Ah sai a sami Wh, wadda ita ce ainihin ma'aunin abin da aka saya: batir mai 18V da 2Ah yana da 36Wh, mai 5Ah kuma 90Wh. A nan ma akwai hanyar kama maƙaryaci ba tare da an buɗe komai ba. Ƙaramin batir ɗaya irin na 18650 nauyinsa wajen giram 45 ne, kuma irin da ake sa wa injina ba kasafai yake wuce 3Ah ba. Don a sami 5Ah da irinsu sai an jera goma, biyar bisa biyar, nauyin kuwa ya haura rabin kilo. Idan aka miƙo muku wanda aka rubuta wa 6Ah kuka ji shi sakayau kamar fankon ashana, ku mayar wa mai shi abinsa. Ba laifi ba ne mai saye ya nemi a ɗora a sikeli.

Akwai kuma wani tarko da ba na ƙarya ba ne, na kasuwanci ne. Kusan kowane babban kamfani ya yi wa bakin batirinsa siffa ta daban, ta yadda na Makita ba ya shiga injin Bosch, na Bosch ba ya shiga na DeWalt. Har a cikin gida ɗaya ma akwai rabuwa: Bosch shuɗi na masu sana'a da Bosch kore na aikin gida ba sa musayar batirin 18V, haka kuma jerin LXT na Makita bai dace da jerinsa na G ba. Ma'ana, ranar da mutum ya sayi injinsa na farko ya zaɓi dangin da zai zauna da su, domin na biyu da na uku gangar jiki kawai zai riƙa saye yana sa musu batirin da yake da shi. Shawararmu ita ce a zaga kasuwar garin da ake zaune, a ga wane iri ne ake samun batirinsa da cajarsa a shago fiye da ɗaya, kuma wane iri masu gyara suka sani. A garuruwa da yawa na yankinmu Ingco da Total, waɗanda ake ƙerawa a Sin, sun fi manyan sunaye sauƙin samuwa. Inji matsakaici da ake samun batirinsa a unguwa ya fi mana babban suna wanda sai an yi saƙo ƙasar waje. Batura biyu matsakaita kuma sun fi babba guda ɗaya, don ɗaya yana aiki ɗaya yana hutawa.

Tun da mun ambaci saƙo, ga tunatarwa ga ƴan kasuwa da mahajjata masu tsarabar irin waɗannan kaya daga Dubai ko Jidda ko Gwanzu. Ƙa'idar jiragen sama ba ta yarda a sa batirin litiyom da ba ya jikin inji a cikin kayan da ake aunawa a tura cikin cikin jirgi ba. A jakar hannu ake riƙe shi, a rufe bakinsa, kuma wanda ya wuce 100Wh sai da izinin kamfanin jirgin. Wanda aka aiko wa daga Amurka kuwa ya duba bayan cajar kafin ya jona: wutar can bolt 120 ce, tamu 220 zuwa 230, kuma cajar da aka rubuta wa 120V kaɗai nan take za ta ƙone.

Babban abokin gabar batir a ƙasarmu shi ne zafi. Takardun da kamfanoni suke haɗowa da kaya yawanci suna cewa kada a yi caji idan zafin wuri ya wuce digiri 40, kada kuma a ajiye inda zai kai 50. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu, a Yamai ko Tawa ko Injamena ko Marwa, inuwa kanta tana wuce 40 da rana tsaka, balle cikin mota a rufe ko shago mai rufin kwano. Zafi yana cin ran batir a hankali ko da ba a aiki da shi, musamman in yana cike maƙil. Don haka lokacin caji a bazara shi ne bayan sallar asuba ko bayan magariba, a ɗaki mai iska, a kan daɓen siminti, ba a kan katifa ko tabarma ba, nesa da kwalaben fetur da tukunyar gas. Kada a jona shi a kwanta barci, kada kuma a sa shi a bakin ƙofar da iyali za su fita in wani abu ya faru. Batirin da aka cire daga aiki yana da ɗumi a bar shi ya huce tukuna. Caja ta gaskiya ma ƙin karɓarsa take yi har sai ya huce, tana ƙifta fitila, mutane su ɗauka ta lalace, alhali aikinta take yi. Jabun batir sau da yawa ba shi da abin da ke auna zafin, shi ya sa ake yaba masa cewa ba ya gardama, kuma wannan rashin gardamar ita ce haɗarinsa. Idan za a daɗe ba a yi aiki ba, a ajiye shi da wajen rabin caji, a cire shi daga jikin inji.

Masu faifan hasken rana suna da sauƙi a nan, domin 90Wh ba wani abu ba ne a wurin faifai mai wat 100 a rana mai kyau. Sai dai wasu cajoji ba sa jituwa da ƙananan na'urorin juya wuta masu araha, kuma janareta mai hawa da sauka yana kashe su. In caja ta fara ƙugi ko zafi fiye da yadda aka saba, a cire.

Game da zaɓen injin kansa, ba za mu tsawaita ba. Gidan da aikinsa bai wuce ɗaure gado, gyara ƙyauren ƙofa da rataya labule ba, mai 12V ya ishe shi, ga shi marar nauyi har uwargida za ta riƙe shi ba wahala. Wanda zai riƙa huda bulon siminti ya nemi mai 18V da ke da alamar guduma, wanda bakinsa yake kama ƙarfen huda har milimita 13. Zubin kankare irin na ginshiƙi da dakali kuwa aikin wani inji ne daban, wanda a Faransanci ake kira perforateur, mai baki irin na SDS. Magidanci ba ya bukatarsa fiye da sau ɗaya ko biyu a shekara, gara ya ɗauko haya ko ya kira mai sana'a. Waɗanda aka rubuta wa «sans charbon» ba su da ƴan gawayin nan biyu masu gogewa a ciki, suna tattalin batir, kuma ba sa zafi da wuri. Amma mai gawayi in ya tsaya mai gyaran unguwa zai sauya masa su da kuɗi kaɗan, marar gawayi kuwa in allon lantarkinsa ya ƙone sau da yawa sai dai a haƙura. Ga mai sana'a muna ganin marar gawayi ya fi, ga mai aikin ƙarshen mako kuwa bambancin bai kai a ci bashi ba.

Zoben lambobin da ke wuyan injin, wanda mutane da yawa ba sa taɓawa, don ɗaure ƙusa mai murɗi aka yi shi: ƙaramar lamba tana sa injin ya saki kafin ya tsaga katako ko ya cinye kan ƙusar. Giya ta ɗaya a hankali take amma da ƙarfi, ta biyu da sauri. Ƙarfe ana huda shi a hankali da ɗigon mai, tayil kuma a kashe gudumar in ba haka ba ya fashe. Katangar laka ba ta son guduma ko kaɗan, kuma robar riƙe ƙusa ba ta kamawa a cikinta, gara a dasa guntun katako a ɗaure a jikinsa. Kafin a huda kowane bango a dubi inda makunni da soket suke, domin waya takan bi sama ko ƙasa ko gefensu a miƙe, a kuma kashe babban makunnin gida. Rashin igiya a jikin inji ba ya kare mutum daga wayar da ke cikin bango.

A tsakar gida da garka, yawancin abin da ake tallatawa don lambunan Turai aka yi shi. Injin hura ganye a farfajiya mai yashi ƙura kawai zai tayar wa maƙwabta, tsintsiya ta fi shi nesa ba kusa ba. Injin aske ciyawa mai taya ba shi da aiki a gidan da babu shimfiɗaɗɗiyar ciyawa. Wanda muka ga yana biyan kuɗinsa shi ne mai yankan ciyawa da zaren roba, lokacin damina, sa'ad da bayan katanga yake cika da haki mai ɓoye sauro da macizai. Sai dai yana harba tsakuwa, don haka a kori yara daga wurin, a sa tabarau da takalmi rufaffe. Ƙaramin zarto mai sarƙa yana sauƙaƙa sassabe rassan dogon yaro da mangwaro, amma sarƙarsa tana bukatar mai da ɗauri daidai, kuma in ƙarshen bakinsa ya taɓa itace yakan yi tsalle ya dawo wajen mai riƙe da shi. Ba a hawa tsani da shi a hannu ɗaya, ba a kuma kusantar reshen da ya taɓa wayar kuran. Reshen da bai kai kaurin damtse ba, adda ko zarton hannu sun wadatar. Fitila da fanka da famfon iskar taya masu aiki da batir ɗaya da injin huda, su kam suna da rana a daren da aka ɗauke wuta.

Injin da ya fi ba mu tsoro shi ne mai faifai na yankan ƙarfe da tayil, wato meuleuse. Faifan milimita 125 yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, kuma a jikin kowane faifai an rubuta iyakar gudun da zai iya ɗauka, wanda ga wannan girma bai wuce wajen 12,200 ba. Idan faifai ya fashe, gutsattsarinsa kamar harsashi suke fita. Duk da haka sau nawa muke wucewa ta bakin titi mu ga an cire murfin kariya don a sa faifan da ya fi girman injin, yaro ɗan koyo yana yanka ba tabarau, fuskarsa daidai saitin faifan? Mafi muni shi ne ɗaura masa faifan zarto mai haƙora don yankan katako, abin da ya raba mutane da yawa da yatsunsu a ƙasashe daban-daban. Faifan yanka kuma yana da wa'adi: na kirki ana buga wata da shekarar ƙarewarsa a zoben ƙarfen tsakiya, yawanci shekara uku daga ƙira, domin danƙon da ya haɗa shi yana lalacewa, laima da zafi kuma suna gaggauta hakan. Ƙurar yankan tayil da kankare tana taruwa a huhu ta haifar da ciwon da ba ya warkewa, don haka takunkumi na gaske ake sawa, ba ƙyalle ba. Maigidan da ya ɗauki ɗan wani koyon sana'a, amanar idon yaron da yatsunsa tana wuyansa, kuma kuɗin tabarau bai kai na faifai biyu ba.

Suturarmu ma abin lura ce. Hannun babbar riga, jelar rawani, gefen mayafi ko hijabi, duk abin da ke lilo baki mai juyawa yana iya naɗe shi cikin ƙiftawar ido. A naɗe ko a sauya kafin a fara.

Wani bambanci da ake mantawa shi ne, inji mai igiya in an zare shi daga bango ya mutu, marar igiya kuwa muddin batir yana jikinsa a kunne yake, jiran yatsa kawai yake yi, ko da na yaro ɗan shekara uku ne. A cire batir kafin a sauya baki ko faifai, a cire shi in za a je salla ko cin abinci, a ajiye shi a wuri dabam da injin, inda hannun yara ba ya kaiwa. Kada a jefa shi cikin akwatin ƙusoshi da makullai, domin ƙarfe ɗaya in ya haɗa bakunansa biyu ya isa ya tayar da wuta. Aro tsakanin maƙwabta al'adarmu ce mai kyau, ba ma cewa a daina, amma mai ba da aron ya tsaya ya nuna yadda ake riƙewa, mai faifai kuwa gara ya je ya yi wa maƙwabcin yankan da kansa.

Daga ƙarshe kowane batir zai gaji, ya riƙa mutuwa bayan ƴan mintoci. Akwai masu gyara da suke buɗewa su sauya ƴan ƙananan da ke ciki. Aikin yana yiwuwa, amma a tambaye su da me za su sauya. Waɗanda ake cirowa daga tsofaffin kwamfutoci girmansu ɗaya ne, sai dai ba a yi su don jan wuta mai yawa lokaci guda ba, in an sa su a inji zafi suke yi. Haɗa su da dalma kai tsaye ma yana dafa cikinsu. Batirin da ya kumbura, ko ya tsage bayan faɗuwa, ko ruwa ya shige shi, ko yake wani wari mai zaƙi-zaƙi, ba a sake jona shi. A fitar da shi waje a sa a bokitin ƙarfe mai yashi, a inuwa, nesa da ɗaki da rumbu. In ya fara hayaƙi a janye kowa, domin hayaƙin guba ne, a kashe wutar gida in yana jone, a kira ƴan kwana-kwana, waɗanda lambarsu a Nijar ita ce 18. Kada a jefa mataccen batir a juji, tun da jujinmu ƙona shi ake yi kuma yara suna tsince-tsince a ciki. A liƙe bakinsa da salatif, a mayar wa shagon da aka saya ko mai gyaran da ya san abin da zai yi da shi.